Kunnen Maraƙar Jar Kaka

Tun kafin a kai ni ɗakin miji akwai abin da yake cin raina, kuma ba mijin ba ne, ba aikin gida ba ne. Kunnen maraƙi ne, maraƙin da ko haihuwarsa ba a yi ba. Duk wanda na gaya wa sai ya yi dariya, shi ya sa na daina faɗa.

Ina da saniya ja mai farin tabo a goshi. A rugarmu ta wajen Buji, Jar Kaka ake ce mata, saboda Kaka, uwar ubana, ita ta ba ni ita tun tana maraƙa, lokacin da na fara iya riƙe ƙwaryar tatsa. Annobar da ta share shanu kafin zuwan Nasara guda ɗaya tak ta bar wa Kaka, kuma wannan jikar waccan saniyar ce. Uwata ta rasu ina goye, ubana ya bi ta ina wasan ƙasa. Kaka ce ta rene ni, ƙanin ubana kuma, wanda nake ce wa Baffa, shi yake kiwon 'yan shanun da muka tara.

Kowane gida da irin yankan da yake yi wa kunnen dabbarsa, don in ta ɓata ko ta shiga garken wani a gane ta. Namu tsaga biyu ne a kunnen hagu. Gidan da za a kai ni, a wani ƙauye da ke gindin duwatsun Dutse, manoma ne masu 'yan shanu, su kuma bakin kunnen dama suke gutsurewa. Da aka sa ranar biki Jar Kaka tana da ƙaramin ciki. Sai na zauna ina lissafi a zuci: za ta haihu a garken mutane, to wuƙar wa za ta taɓa kunnen ɗanta?

Na tambayi Kaka muna burga nono. Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Ke dai da tsoro aka haife ki," in ji ta. "Ko inuwarki kika gani sai kin tambaye ta wa ya aiko ta. 'Yan mata suna tunanin zane da lalle, ke kina tunanin kunnen saniya."

"To in sun yanka irin nasu fa, Kaka?"

"Baffanki ya mutu ne? In ta haihu a aiko, ya je da wuƙarsa. Miƙo min maburgin nan, kin tsaya kina kallona kamar baƙuwar akuya."

Ranar da aka kai ni, Baffa da kansa ya koro Jar Kaka a bayan mata masu ɗauke da kayan ɗakina da kayan gara, wato gero da man shanu da nakiya da daddawa, abin da dangin amarya suke kai wa gidan ango su ci. Duk tare muka isa ƙofar gida. Ina cikin lulluɓi ban ga komai ba, amma kunnena yana aiki. Cikin guɗa da kiɗan ƙwarya na ji muryar Baffa, da 'yar in'inarsa, yana ce wa uban mijina, "Wannan ta yarinya ce, da abin da ke cikinta. Amana ce a turkenku." Na ji an ce madalla, ban san ko wane ne ya faɗa ba. Ango ba ya nan, yana ɓoye a gidan abokinsa kamar yadda ake yi. Waɗanda ke zaune a ƙofar gidan kuwa duk danginsu ne.

Ba a yi wata biyu ba labari ya zo cewa masu ƙidayar shanu sun doso wajen Buji da dogarai. Jangali ba sabon abu ba ne, amma a da akan karɓi maraƙi ko wuri, yanzu kuwa aka ce sai kuɗin Nasara, kuma kowane kai sai an ƙirga. Baffa ya ɗora Kaka a kan takarkari ya kora shanu gabas, ko sallama ba mu yi ba. Da damina ta faɗi wani bafatake ya kawo labarin Kaka ta rasu a hanya, an binne ta a gefen wata fadama da shi ma bai san sunanta ba. Baffa kuwa daga nan ba wanda ya sake jin ɗuriyarsa.

Jar Kaka ta haifi mace, ja kamar uwar, har da tabon goshi. Na yi murna, na kuma shiga zullumi, domin babu wanda zan aika wa.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne. Na fito da ƙwarya zan yi tatsa, sai na tarar da surukina zaune a kan turmi kusa da dangwali, igiyar da ake jera maruƙa, yana wasa wuƙa a dutse. Mijina ya kayar da maraƙar ya danne wuyanta da gwiwa. Na durƙusa na gaishe da tsohon, ya amsa bai dube ni ba, haka kuma ya kamata. Wanda bai tashi a cikinmu ba zai yi wuya ya gane wannan. Amaryar da ba ta cika shekara ba ba ta yi wa uban mijinta magana in ban da gaisuwa. Ba ta cin abinci inda zai gani, ba ta wucewa ta gabansa da takalmi, ko sunan wani yaro ya zo ɗaya da nasa ba ta faɗa. Kaka ta sha gaya min cewa kunya ita ce suturar 'ya mace, duk wadda ta yar da ita tsirara take ko da zane goma. Ina durƙushe, maganar tana nan a bakina.

Surukuwata, wadda nake ce wa Inna, tana tsaye da tsintsiya. Ita ce ta ɗan yi ƙoƙari.

"Malam, wannan fa ta jar nan ce."

"Na sani," in ji shi. "Garke ɗaya, wuƙa ɗaya. In ta ɓata a bayan dutse da shaidar mutanen da suka bar ƙasar, gidan wa za a kawo ta?"

Ba zan ce maganarsa ba ta da kai ba. Ya kama kunnen dama ya gutsure bakinsa, maraƙar ta yi ƙara, uwar ta amsa daga turke. Ɗan guntun kunnen ya faɗi a ƙasa, wata kaza ta zo ta tsince shi ta ruga da gudu. Ni kuma na tashi na je na tatsi nono.

Da na kai wa maigidan abinci gona na gaya masa. Ba mugun mutum ba ne, yana da yawan raha, kuma a lokacin yana sona. Ya ajiye fartanya ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kunne aka yanka, ba saniyar aka yanka ba. Ke da shanunki duk ba a gidanmu kuke ba? Ko ke ma in gutsure miki naki don kada ki ɓata?"

"Ka gaya wa Baba dai tawa ce."

"Wa ya ce ba taki ba ce? Zuba min furar nan, Bafillatana, rana tana yi."

Haka maganar ta mutu.

Na daɗe ban sami ciki ba. Da Allah ya kawo, aka kai ni gidan Kawu, wan uwata, a Limawa cikin Dutse, don haihuwar fari da wankan jego. Na haifi mace. 'Yar fari ce, ba na faɗin sunanta, ba na yi mata wasa a gaban mutane, sai in mun kaɗaita nake kallon fuskarta yadda nake so. Da na koma ɗakina na tarar Jar Kaka ta sake haihuwa, namiji, shi ma an gutsure masa kunnen dama. Wannan karon ko a gona ban tayar da maganar ba. Na ce a raina, ai uwar tana nan da tsagarta biyu, duk mai ido zai ga daga inda suka fito.

Da kaka ta yi aka yanke dawa, Jar Kaka ta tsinke igiya ta shiga wata gona ta ci gyauro, ɗanyen tohon da yake fitowa a gindin karan da aka sare. Kafin azahar cikinta ya kumbura kamar ganga. Aka ɗura mata kanwa da man gyaɗa, bai yi ba, sai aka kira mahauci ya yanka ta kafin ta zama mushe. Aka raba nama har maƙwabta. Kan kuwa mu mata aka miƙo wa mu babbake. Ni na riƙe ƙahon, Inna tana tura kara a wuta. Ina kallo kunnen hagu ya naɗe, tsagar nan biyu suka matse suka haɗe, suka yi baƙi. Inna ta kankare da wuƙa. Da daddare aka kawo min romo na ce cikina yana ciwo.

Daminar da ta biyo ruwa ya ɗauke gero yana tsaka da ciki. Abin da aka girba bai kai rabin rumbu ba, kuma ga haraji ga jangali, duk da sulalla ake so. A lokacin maraƙar nan ta zama karsana, ta yi kyau fiye da duk abin da ke garken, har ta ɗauki ciki. Wata safiya ina tatsa, goye da yarinyar, na ji surukina yana gaya wa 'ya'yansa da wani dillali cewa ran kasuwar Jahun za a kora jar karsana, ita ce za ta yi kuɗin da zai rufe komai.

Ban shirya ba. Ina tsugune a gindin wata saniya, sai na ji muryata ta fita.

"Baba, wannan tawa ce."

Ƙarar nono a ƙwarya ta tsaya, don hannuna ya daina aiki. Dillalin ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa. Tsohon ya juyo ya dube ni, karo na farko tun da na shigo gidansa da ya dubi fuskata sosai.

"Ashe tana da baki," in ji shi. Ya tashi ya shige zaure.

Maigidan ya same ni a ɗaki. Ya ce na tsinka shi a gaban baƙo, in je in ba Baba haƙuri. Na je na durƙusa a bakin zaure na ce a yafe min ɗaga murya. Tsohon ya ce ya yafe, sannan ya ce, "Karsanar fa?" Na ce, "'Yar wadda Kaka ta ba ni ce." 

Kwana biyu ba wanda ya ci tuwona in ban da Inna. A na uku maigidan ya tsaya a ƙofar ɗaki, bai shigo ba, ya ce ya sake ni saki ɗaya, in tafi gidan Kawu. Idonsa ja wur. Na san ba daga cikinsa maganar ta fito ba, amma daga bakinsa ta fito, shi ke nan kuma. Saboda dillali ya ji abin da na faɗa, magana ta kai kunnen mai unguwa, ya ce kada a taɓa karsanar tukuna. Sai suka kora ƙaninta, ɗan bijimin, aka sayar a Jahun. Wannan sai daga baya na ji.

Inna ce ta taya ni sauke jere. Ban taɓa ganin mai gaskiya a kan kayan ɗaki kamarta ba. Tasoshina, ƙoraina, akushi, faifai, tabarmar da ta tsufa, har wani ludayi da ya tsage na manta da shi a madafa, duk ta tattaro ta ɗaure. Ta ce kada a ce gidansu ya ci ko allurar marainiya. Da muka rage mu biyu na kama bakin zanenta.

"Inna, kin ji abin da Baffa ya faɗa ran nan. Kina bakin ƙofa, ke kika karɓe ni."

Ta ci gaba da ɗaure ƙullin.

"In an kira ki za ki faɗa?"

"'Yar nan," in ji ta, "ni ma da tawa na zo gidan nan. Baƙa ce, mai gajeren ƙaho. Rabin abin da kike gani a turken can jikokinta ne. Kullum ina tatsarsu ina cewa shanun Malam." Ta ɗaga ƙullin ta aza min a ka. "In na faɗi taki, wa zai faɗi tawa? Kuma in na faɗa, ina zan kwana?"

Ta raka ni har bakin rijiya, ta sa wa yarinyar ɗan curin man shanu a baki, ta juya.

Kawu ɗan ƙaramin mai saye da sayar da dabino ne, gidansa cike da 'ya'ya. Ya karɓe ni da fuska, amma da ya ji yadda aka yi sai ya tafa hannu.

"Shekaru kina kallo ana yanka kunne kin yi gum, sai ranar da baƙo yake tsaye bakinki ya buɗe? Da kin aiko min tun ran farko ai da na je mun yi ta ta manya."

"Kunya na ji, Kawu."

"To ga ta nan, sai ki dafa ta ki ba 'yarki."

Duk da haka shi ya kai ni gaban alƙali. A wani babban zaure ne, alƙalin yana zaune a kan buzu, dattijo mai sanyin murya. Aka zaunar da ni daga gefe cikin mayafi, yarinyar tana barci a bayana. Surukina da maigidan suna ɗaya gefen. Kawu ya yi bayani. Alƙali ya ce abin da mace ta zo da shi daga gidansu nata ne, da shi da abin da ya haifa, aure ba ya cinye shi, saki ba ya cinye shi. Da na ji haka zuciyata ta yi sanyi, na ɗauka an gama.

Sai aka ba tsohon dama.

"Allah ya gafarta Malam, ban musa da saniya aka zo ba, ban musa wannan karsana 'yarta ce ba. Amma tare da gara ta shigo, rana ɗaya, ƙofa ɗaya. Geron gara mun ci, man mun ci, ba wanda ya zo ya ce a mayar. Mutanen daji in suna son karrama suruki saniya suke haɗawa. Ni haka na karɓe ta."

"An ce baffan yarinya ya faɗa maka amana ce," in ji alƙali.

"Guɗa ake yi, ana kiɗa. Ni ban ji ba."

Har yau ban sani ba ko ƙarya ya yi ko da gaske bai ji ba. Wani lokaci ina ganin tsufa da yawan faɗa wa kai abu ɗaya suna sa mutum ya yarda da shi.

Ya ci gaba ya ce shi ya ciyar da su da harawarsa, shi ya biya musu jangali, shi ya yi musu shaidar gidansa da rana tsaka, ba a ɓoye ba. Alƙali ya juyo wajena.

"Baiwar Allah, ranar da aka yanka kunnen maraƙar kina ina?"

"Ina wurin, Allah ya gafarta Malam."

"Kin gani da idonki?"

"Na gani."

"Kin ce wani abu?"

"Ban ce ba."

"An hana ki ne, ko an tsorata ki?"

"A'a. Uban mijina ne."

Ya shafa gemu. Na ga ya gane, domin shi ma yana da 'ya'ya mata a gidajen mutane. Ya tambayi maigidan ko na taɓa yi masa maganar. Ya sunkuyar da kai ya ce mata sukan yi maganganu a gona, shi bai riƙe ba, kuma ranar da aka kawo saniyar ba ya gida. Kawu kuma a lokacin bikina yana fatauci, ji kawai ya yi, alƙali ya ce ji ba gani ba ne. Na ce karsanar ta san muryata, in na kira ta daga bayan dutse za ta taho. Wasu a zauren suka yi dariya. Alƙali bai yi ba, ya ce, "Ba wanda ya musa ta san ki. Amma ba za ta iya gaya min abin da aka faɗa a ƙofar gida ba."

Hukuncin da ya yanke shi ne, dabba tana hannunsu da shaidarsu, ni ce mai nema, ni zan kawo shaida. Ya ce a sha'anin dukiya namiji ɗaya adali ya isa in na haɗa da rantsuwata. In Baffa ya zo ya faɗi abin da ya faɗa, na rantse, karsana tawa ce da abin da ta haifa. Ya ba ni zuwa yankan gero, ya hana a sayar da ita kafin nan. In lokacin ya wuce ban kawo kowa ba, tsohon zai rantse, magana ta ƙare.

Ba na ganin laifin alƙali. Na juya maganar a raina ta kowace fuska, ban ga inda ya karkata ba.

Ga abin da ya sa ban haƙura ba, don kada a ce kwaɗayin dabba ne. Gidan Kawu ba zai iya riƙe mu ba. Matarsa ba ta taɓa gaya min baƙar magana ba, amma ina ganin yadda take kallon kwanon awo in za ta ɗebi tsaba. Kawu ya riga ya fara cewa da na yaye yarinyar na gama idda, akwai wani abokin cinikinsa mai neman aure. Ranar da na shiga ɗakin wani, dangin ubanta za su zo su ɗauke ta, haka ake yi. Da karsanar tana hannuna, nononta kaɗai zai riƙe mu. In kai kindirmo da man shanu kasuwa, in sa wa gidan Kawu abin miya, ba wanda zai matsa min in yi aure kafin yarinyar ta yi wayo. In ta isa riƙe ƙwarya kuma in ba ta maraƙa, kamar yadda aka ba ni. Wannan ko a gaban alƙali ban iya faɗa ba, domin uwa ba ta nuna tana son 'yar fari a gaban maza.

Kawu ya yi iya ƙoƙarinsa. Duk bafataken da ya sauka a unguwar sai ya tambaye shi. Wani ya ce ya ga mai kama da Baffa a fadamun wajen Haɗeja da rani. Wani ya ce waɗanda suka gudu wa jangali a shekarar nan sun tsallaka ƙasar Faransa, ba sa dawowa. Wani kuma ya ce ya ji an yi rashin wani mai in'ina a wani mashekari, amma bai san ko shi ba ne. Ni kuma duk ran kasuwa nakan goya yarinyar in bi 'yan unguwa masu kai kaya, in tsaya a gefen kara, inda ake cinikin shanu, ina duba kunnuwa. Dillalai har sun san ni. Wani yakan ce, "Ga mai duban kunne ta iso, ku rufe naku." Nakan yi murmushi don kada su kore ni. Sau ɗaya na ga tsaga biyu a kunnen hagu, na bi mai saniyar har wajen masu sayar da igiya. Ya ce shi ma saya ya yi a hannun wanda ya saya a hannun wani.

Kwanan baya na je ɗebo itace a bayan duwatsu, ta wajen ƙauyen da na yi aure. Ban yi niyyar zuwa kusa ba, ƙafata ce ta kai ni. Na hango garkensu yana kiwo a gindin giginya. Karsanar ta haihu. Maraƙar ja ce, tana tsalle a gefenta. Ban kira ba, amma uwar ta ɗaga kai ta dube ni, ta daɗe tana kallona tana tuƙa. Da maraƙar ta juyo na ga bakin kunnenta na dama, ƙudaje suna bin wurin, ko warkewa bai yi ba.

Yanzu gero ya fitar da kai, har ya fara bununi. Yarinyar tana ta gudu a tsakar gida, haƙoranta sun cika, matar Kawu tana cewa ai ta isa yaye. A raina na san Baffa ba zai zo ba. Ko yana raye, mutumin da ya gudu da shanunsa saboda masu ƙidaya ba zai so ya shigo gari ya zauna a gaban hukuma ba. Amma ba ni da wata ƙofa sai wannan.

Karatuna bai wuce 'yan surorin salla da ɗan abin da Kawu ya koya min na haɗa baƙi ba, a yi haƙuri da yadda maganar ta zo. Sunan Baffa ba zan iya faɗa ba, uba ne, kuma ko na faɗa rabin mazan daji sunansu ke nan. Dogo ne, siriri, yana da in'ina in ya fara magana, kuma ƙaramin yatsansa na hannun hagu ya guntule, igiyar bijimi ce ta cire shi. Shanunsa suna da tsaga biyu a kunnen hagu.

Wanda ya karanta wannan, ko aka karanta masa, in hanya ta kai shi gabas ko arewa ya haɗu da garke, don Allah ya duba kunnen hagu. In ya ga mutumin, ya gaya masa yarinyar da ya raka da jar saniya tana gidan kawunta mai dabino a Limawa. Ya zo kafin a yanke gero, ya maimaita abin da ya faɗa a ƙofar gida.